Malama Hau-ka-gani da Katakon Mahaifinta

Haihuwa da ƙuruciya

An haifi marigayiyar da ɗalibanta suka sani da laƙabin Malama Hau-ka-gani a watan Maris na shekarar 1958, a wani ƙaramin gari da ke bakin layin dogo. Mahaifinta kafinta ne, mahaifiyarta tela, ita ce kuma ta uku cikin 'ya'ya bakwai. Allah Ya hore mata hadda tun tana ƙarama, idan ta karanta shafi sau biyu sai ta mayar da shi ba ta bar ko ɗigo ba. Da wannan baiwa ta kammala firamare a 1971 da sakandare a 1976 ba wanda ya sha gabanta, kuma, gaskiyar magana, kanta ya ɗan kumbura.

Jami'a

A shekarar 1977 ta samu gurbi a tsangayar injiniya, inda a aji na biyu ta gamu da darasin da ya nuna mata iyakarta, wato ilimin juriyar abubuwa masu tauri, wanda ke bayanin yadda ƙarfe da katako da kankare ke ɗaukar nauyi, yadda suke lanƙwasa, da lokacin da suke karyewa. Ta haddace ƙa'idojin lissafinsa kaf, amma da zarar an sauya zanen tambaya sai kanta ya ɗaure. Ta faɗi a 1979, ta sake faɗuwa a 1980. Dokar tsangayar kuwa ba ta da sassauci: wanda ya faɗi sau uku sai ya tattara nasa ya nasa ya koma gida.

A hutun wannan shekara mahaifinta ya same ta a shagonsa tana hawaye a kan littafi.

"Wai me littafin nan yake faɗa ne da ya hana ki cin abinci?" in ji shi.

Ta karanto masa ƙa'idar da ka. Ya ce, "Ni dai ban ji komai ba." Sai ya jawo wani dogon katako mai kaurin inci biyu da faɗin inci takwas, ya kwantar da shi a kan bulo biyu, ya ce, "Hau ki gani."

Ta hau, katakon ya lotsa har ya kusa taɓa ƙasa. Ya juya shi a kan gefensa, ya riƙe gam, ya ce ta sake hawa. Ko gezau bai yi ba.

"To, katakon ne ya sauya, ko ke ce kika rame yanzu-yanzu?" Ya nuna mata wata tsohuwar kantar ajiye kaya da tsagarta ta faro daga ƙasa. "Ƙasan ake ja, saman ake matsewa. Tsakiyar kuwa hutawa take yi, kamar kawunki."

Ta ɗauki fensirinsa ta yi lissafin a jikin katakon, ta ga juyin nan kaɗai ya ninka taurinsa sau goma sha shida. Ta saki ihun murna, har mahaifiyarta ta baro keken ɗinki ta fito da gudu. A watan Yunin 1981 ta zauna jarrabawar karo na uku, ta fi kowa maki.

Aiki da iyali

Ta karɓi digiri a 1983, ta auri wani safiyo, wato mai awon filaye, mutum mai yawan raha, a 1985, wanda ya sha cewa a gidansa ko kujera sai ta ci jarrabawa kafin a zauna a kanta. A 1986 tsangayar ta ɗauke ta koyar da darasin nan da ya kusa korar ta. Ta roƙi mahaifinta katakon, ya goge masa kaifi don kada ya yagi tufafin yara, ya kai mata da kansa.

Shekara talatin da biyar tana buɗe darasinta da bulo biyu da katako ɗaya, kuma kullum ɗalibin da ke maimaita darasin karo na uku take fara kira ya hau. Daga nan laƙabinta ya samo asali. Ba ta san rangwamen maki ba, ɗalibai sun ji jiki a hannunta, amma a tsawon waɗannan shekaru ba a kori ko mutum ɗaya saboda darasinta ba, kuma da wannan ta fi alfahari fiye da duk takardun yabon da aka ba ta.

Ƙarshen rayuwa

Ta yi ritaya a 2021. Allah Ya karɓi ranta a watan Oktoba na 2023 bayan gajeriyar jinya, tana da shekara sittin da biyar, aka binne ta kusa da mahaifinta. Injiniyoyin da suka halarci jana'izar sun cika layin gidanta, kowa na ba da labarin ranar da ya hau katakon, ana hawaye ana dariya. Ta bar mijinta, da jikoki tara, da 'ya'ya huɗu: babbansu likitan haƙori ne, mai bi masa ma'aikaciyar jinya, na uku direban jirgin ƙasa, sai auta, wadda ta gaji kujerarta a tsangayar. Allah Ya jiƙanta da rahama.

Mako biyu bayan rasuwar, autar ta shiga aji, ta kwantar da katakon a kan bulo biyu, rubutun fensirin 1980 yana nan a jikinsa. Ta hango wani saurayi a can baya ya sunkuyar da kai, wanda wannan ne karonsa na uku a darasin. Ta yafito shi, ta ce, "Zo nan. Hau ka gani."