Jan Ɗantani

Daga bana wani abu zai ɓace a kasuwar Mafara, kuma mutane kaɗan ne za su lura. Baba Ɗantani na Bakura ya ce gwiwoyinsa sun gaji, wannan ranin ne na ƙarshe da zai yi lambu.

Shekara talatin da ɗoriya, da an sallame asuba sai ya bi bakin magudanar ruwa zuwa lambunsa. Yakan buɗe wa ruwa hanya da fartanya, ya tsuguna yana kallon yadda yake malala cikin fangali a hankali, sararin sama na rawa a kan ruwan. Maƙwabta albasa da tumatir suke yi. Shi kuwa yakan keɓe fangali huɗu don wani jan tushe mai zaƙi. A takardar irin, bitirut aka rubuta, amma mata suka riƙa aike a sayo musu "jan Ɗantani". Sunan ya bi shi har Maradun.

Saboda ɗiyata Husna na san shi. Jininta yakan yi ƙasa, ma'aikaciyar asibiti ta ce ban da magani a yawaita mata kayan lambu. Yarinyar ba ta son ganye. Jan Ɗantani kaɗai take ci, don yana rina mata yatsu kamar lalle.

Ranar da ta fara ci, na ga fitsarinta ja. Na ɗauka jini ne. Na hau babur, na iske Baba da nufin faɗa. Sai da ya tsare ni muka gaisa, gida da iyali da gajiya, kafin ya saurare ni. Ya tuge guda biyu ya miƙo mini.

"Malam Ɗanasabe, ci waɗanga. Gobe ka taho ka ba ni labarin naka."

Washegari na koma kaina a ƙasa, don nawa fitsarin ma ya yi ja. Ya yi dariya har da hawaye, amma ya ce in kai ta a duba duk da haka. Aka duba, ba jini ba ne.

Baba, kai ne ka shekara biyar kana ware wa Husna masu taushi kafin 'yan sari su iso. Kai ne ka nuna mini cewa ƙwaya ɗaya takan fito da tsiro uku ko huɗu, sai an rage su da yatsa sannan ɗayan ya yi kai. Allah ya saka maka da alheri, ya ba gwiwoyin sauƙi. Masu lambu kuma, ku je ku tsuguna kusa da shi tun yana fita.

Ya ba ni sauran irinsa a ƙullin tsumma, na shuka a bayan gidana a Ruwan Gizo. Sun tsiro, na rage su, Husna tana leƙa su kowace safiya. Sai dai na makara da shukar, zafi kuma ya kusa. Ko za su yi kai kafin ya iso, ban sani ba. Baba ma ya ce bai sani ba.