Kitson da Ya Kellu Ta Bari Rabi

Ya Kellu yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma matar wan mijina. Gida ɗaya aka haife mu a Gaidam, gida ɗaya muka yi zaman aure, ƙofar ɗakinta na kallon tawa har shekara ashirin da biyu. Kitso ne sana'arta tun tana budurwa. Bahaguwa ce, shi ya sa kitsonta yake kwantawa hagu. Ko a kasuwar Laraba, in lafaya ta zame daga kan wata mace, sai ka ji an ce, "Wannan hannun Kellu ne."

Doguwa ce, siririya, ba ta da yawan magana. Gidan sauran makitsa nan ake jin wadda ta yi yaji da wadda ta samu ciki, amma a gindin darbejiyarmu shiru ake yi. Ka kwantar da kai bisa cinyarta, ta lakato man shanu mai kajiji, ta kama aiki tana wani ɗan gunji ta hanci wanda ba waƙa ba ne. In tana so ka juya, ba ta faɗa. Sai ta ƙwanƙwasa maka kai sau biyu da gindin kibiyar kitso.

Mijinta Ba Kyari, mai fataucin bandar kifi, shi ne mai surutun gidan. Yakan leƙo daga zaure ya ce, "Kellu, yau kin yi magana har biyu, ki ajiye sauran sai gobe."

"Ai kai ka cinye rabona," haka take ba shi amsa, ko ɗago kai ba ta yi.

Ta haihu sau uku, babu wanda ya kai yaye. Ban taɓa jin ta ambaci sunayensu ba. 'Ya'yana a ɗakinta suka tashi, a akushinta suka koyi cin burabusko, har babbar ta kai shekara biyar tana zaton Ya Kellu ce ta haife ta.

Akwai wani aiki da take yi wanda ba ta karɓar ko kwabo a kansa. In mace ta rasu a unguwa, bayan wanka ita ake kira ta yi mata kitson nan guda uku. Ta dawo, ta wanke hannu da toka, ba za ta ci komai ba sai rana ta faɗi. Na taɓa tambayarta ko ba ta jin tsoro.

Ta ce, "Su ai ba sa motsi. Ku masu rai ne wahala."

Doka ɗaya gare ta, ba ta barin kai rabi. Wata shekara ruwan sama ya tsuge tana tsakiyar kan wata amarya, bangon maƙwabta ya faɗi, mata suna ta kwashe kaya, ita kuwa ta ja amaryar zuwa zaure ta ci gaba har ta gama.

Ranar wata Talata ta kama kaina, saboda sunan jikan goggonmu Bawa Amsa, ƙanwar mahaifinmu, da za a yi Juma'a. Layi goma sha huɗu take yi mini kullum, bakwai dama, bakwai hagu. Da hantsi muka fara. Bayan azahar ta gama na dama, na ji yatsunta sun tsaya. Ta zame kaina daga cinyarta a hankali ta ce, "Fandi, kada ki motsa. Ina zuwa."

Na yi zaton ruwa za ta sha. Na kwanta ina kallon kaji, har inuwar darbejiya ta bar tabarmar, rana ta soma cin ƙafata. Na kira ta sau biyu. Da na shiga ɗakin, na same ta durƙushe, goshinta bisa bakin gado, kibiya a hannunta na hagu. Jikinta da sauran ɗumi.

Kafin magariba aka kai ta. Da aka gama wanka, matan suka dubi juna, don wadda ake kira a irin wannan lokaci ita ce a kwance. Ni na yi mata guda ukun. Ban iya kitso ba, ban taɓa koya ba, tunda ina da ita. Suka fito a karkace, ɗaya ya fi sauran kauri. Har yau ina jin kunyar kitson nan da ta tafi da shi.

Kwana bakwai ina karɓar gaisuwa da rabin kai a ƙarƙashin ɗankwali, dama a kitse, hagu a tsefe. Da baƙi suka watse, na koma wani hali da ban faɗa wa kowa ba. Kullum in na idar da azahar, sai in shimfiɗa tabarmar nan a gindin darbejiya, kusa da 'yar kujerarta, in kishingiɗa. Wani nauyi yakan sauko mini, ba barci sosai ba, don ina jin kukan kaji da muryar masu tallar nono. In na farka, fatar kaina tana tsami.

Ana kwana goma sha biyu, Bawa Amsa ta zo. Tsohuwa ce mai faɗa, ita ta riƙe mu bayan rasuwar mahaifiyarmu. Ta ce, "Ke, za ki tabbata da kai kamar na mahaukaciya? Tashi mu je wajen Maira ta ƙarasa miki, ko ta tsefe a sake."

Ya Maira makitsiya ce a bayan masallacin unguwa. Ta zaunar da ni, ta zare ɗankwalin. Na ji yatsarta tana bin layukan ɗaya bayan ɗaya.

"Guda nawa kika ce marigayiya ta yi?"

"Bakwai."

"Tara nake gani."

Bawa Amsa ta matso. "Kin manta lissafi ne, Fandi. Mai baƙin ciki ba ya ƙirga daidai."

Ya Maira ta ce, "Bawa, dubi nan. Bakwai ɗin sun fara tashi, kwana goma sha biyu ai ba wasa ba. Waɗannan biyun kuwa sababbi ne. Taɓa ki ji, man bai ma bushe ba." Ta shinshina yatsarta, ta goge a zani. "Kuma hagu suka kwanta. Duk garin nan mutum ɗaya ce take haka."

"To ƙarasa mata."

"Me ta ce miki da za ta tashi?" Ya Maira ta tambaye ni.

Na faɗa mata. Ta ɗauki ɗankwalin ta ɗaura mini da kanta.

"Ki yi haƙuri, Bawa. Ba na sa hannu a kan da mai shi ta ce tana zuwa."

Mijina Kacalla bai ɗauki zancen da nauyi ba. Ya ce ni nake yi da hannuna cikin gyangyaɗi, kewa ce kawai. Na miƙa masa hannuwana na ce, "Ka ga abin da waɗannan suka yi mata ranar da za a kai ta? Tambayi matan da suka gani." Ya je wajen liman. Liman ya ce wanda ya tafi ba ya dawowa, a yi mata sadaka, ni kuma in yawaita addu'a, in daina zama ni kaɗai. Muka yi sadakar waina. Na daina shimfiɗa tabarmar kwana uku. A kwana ukun nan gefen kaina na hagu ya yi ta ja kamar an riƙe gashin ana jira. A na huɗu na koma.

Ba kullum ake ƙaruwa ba. Wani lokaci kwana biyar babu komai, sai in shafa in ji sabon layi, matsattse, da danshin mai. Na goma. Na goma sha ɗaya.

Wata rana na farka na ga Ba Kyari tsaye a bakin zaure, buhun banda a ƙasa kusa da ƙafarsa. Tun rasuwar surutunsa ya ƙare. Ya daɗe yana kallona kafin ya ce, "Fandi, wuyanki ba ya ciwo?"

"Me ka gani, Ba Kyari?"

"Ban ga kowa ba. Amma kanki bai taɓa tabarma ba. A sama yake, kamar tsayin cinyar mutum. Na tsaya nan na kai rabin awa. Can kuma sai kika juya, kamar an ce ki juya."

Ya ɗauki buhunsa ya fita. Daga ranar bai sake shigowa gida tsakanin azahar da la'asar ba.

Zancen ya kai kunnen Bawa Amsa. Ta zo da aska a ƙulle a gefen lafayarta, ta same ni ina tankaɗe. A lokacin layi goma sha uku ne.

"Zauna in aske shi."

"Saura ɗaya, Bawa."

"Shi nake tsoro. Kin san su wa take yi wa kitso ba tare da sun yi magana ba. In ta gama da ke, kin san abin da zai biyo baya? Na binne uwarku, na binne Kellu. Ba zan binne ki ba."

Ni ma na yi wannan tunanin, ba sau ɗaya ba. Nakan dubi 'ya'yana suna cin abinci, in ce wa zai riƙe su. Amma tun ina da gashin da za a kama, hannunta kaɗai kaina ya sani, kuma in aka aske, na san shi ke nan.

Na ce, "Ya Kellu ba ta taɓa cutar da ni ba tana da rai."

"Tana da rai kika ce."

Ta ajiye askar a kan turmi ta ce, "To, zan zauna. In na ga abin da ban gane ba, sai na aske ki ko kina ihu."

Ta zauna a ƙofar ɗakina da carbinta. Na idar da azahar, na shimfiɗa tabarma. Ranar ban yi gyangyaɗi ba, idona biyu. Kajin suka tattara suka koma bayan rumbu. Na ji ƙanshin kajiji, na ji an raba gashin bayan kunnena, sanyin ƙarfe ya bi fatar kaina. Ba a yi gunjin nan na hanci ba. Yatsun suna da sanyi, kuma suna sauri fiye da yadda na san su. Na so in ce mata ta yafe mini guda ukun da na yi mata, bakina ya ƙi buɗuwa. Aka ja ƙarshen gashin, aka murɗe. Sai kaina ya sauka bisa tabarma a hankali.

Da na ɗago, Bawa Amsa tana nan inda take, carbin ya faɗi a ƙasa. Na tambaye ta abin da ta gani. Ta ce, "Tashi ki ɗora sanwa, yara sun kusa dawowa." Har ta bar duniya ba ta ƙara ko kalma ɗaya a kan wannan ba.

Na yi zazzaɓi na kwana shida, na warke. Ba Kyari ya koma Damasak wajen ƙaninsu kafin shekara ta zagayo, ya ce kasuwar kifi ta fi can.

Kitson ya yi wata huɗu a kaina, har ya fara dunƙulewa. Bawa Amsa ce ta tsefe mini shi, wata safiya a tsakar gidanta. Da ta zo layin ƙarshe ta daɗe tana fama, don ya ƙi warwaruwa, sai da ta sa almakashi. Ta naɗe guntun a ƙyalle, muka tafi tare bakin kogi, inda mata ba sa wanki, muka tona rami muka rufe. A hanyar dawowa ta sayi gyaɗa ta ba ni, muka zo gida muna ci.

Allah ya jiƙan Ya Kellu, ya sa ta huta.