Jatau Mai Lasifika da 'Yan Rabon Wuta

Duk wanda ya zauna Gummi a shekarun nan ya san Jatau mai lasifika. In bai san fuskarsa ba, ya san tarinsa. Kafin kowane taro sai ya hura makirfo, ya yi ɗan tarin nan nasa, ya ce, "Ana ji na?" Ana kuwa jin sa, har kurman bayan tasha.

Da gyaran rediyo ya fara a bakin kasuwa. Da zinariya ta fashe wajen Anka da Bukkuyum, samari suka shiga aure ba ƙaƙƙautawa, sai ya sayi lasifika biyu da wani janareta mai haki kamar tsohon jaki. Ya ɗaure su a babur, yau Zugu, gobe Gwashi. Biki nasa ne, suna nasa ne, Mauludi da tafsirin azumi duk nasa ne. Lokacin zaɓe kuwa, da safe wannan jam'iyya ta zagi waccan da makirfonsa, da la'asar waccan ta rama da shi, yawun na farko bai ma bushe ba.

Ƙa'idarsa biyu ce. In ya ce "to", ya gama. Kuma ba ya tambayar abin da za a faɗa. "Ni ƙarhe nika ba da haya," in ji shi. "Baki kau, kowa da nashi ya taho."

Wajen shekarar 2014 wani Abdulwahabu ya ɓullo. Wankin zinariya ya kawo shi ƙasar, zinariya ta ƙi shi, sai ya koma wa'azi da wasu samari a bayansa. Izala ta ce ba nata ba ne, 'yan Ɗarika suka ce ba su san shi ba. Mutanen gari suka raɗa musu suna 'Yan Rabon Wuta, don ba wanda ya taɓa wucewa ta gabansu bai samu kasonsa ba: mai kallon ƙwallo, mai tallar nono, har limamin Juma'a. Dattawa suka kai kuka wurin 'yan sanda, aka ce musu muddin ba su ɗauki sanda ba, doka ba ta hana mutum magana a bakin titi. Da lasifikar Jatau su Abdulwahabu suke wannan rabo. In aka yi masa ƙorafi, sai ya maimaita maganar ƙarfe da baki, ya ja janaretansa.

Ana nan sai surukinsa ya rasu, Shitu mai kalangu, uban matarsa Barakatu. Shitu ya yi wa mahautan Gummi kiɗa tun yana saurayi, da tsufa ya zo ya rataye kalangu ya kama sahun gaba a masallaci. Ana cikin zaman makoki Abdulwahabu ya aiko yana son hayar lasifika ranar Alhamis da safe. Jatau ya ce "to", kamar kullum. Sai daga baya labari ya iso: ranar ce sadakar bakwai, kuma a ƙofar gidan Shitu za a kafa, a sanar da duniya cewa makaɗi yana wuta, shi da duk wanda ya ci sadakarsa.

Barakatu tana gidansu wurin makoki. Ta sa aka kira mata shi zaure.

"Malam, abin da nika ji gaskiya na?"

"Barakatu, ban san wurin ba sadda na amsa. Kuma kin sani, ba ni zan hwaɗi ba."

"Wuƙa ma ba ta yanka da kanta, amma ba a ba mahaukaci aronta." Ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi tsorata shi ke nan. "In ƙarhenka ya zagi Baba a ƙohwar gidanai, Inna na ciki tana ji, kada ka wahala zuwa biko. Aiko mani da kayana kawai."

Jatau ya fito yana lissafin da bai shafi kuɗi ba. Sana'arsa duk a kan "to" ɗin nan take tsaye. Barakatu kuwa ita ce ta zauna da shi tun yana shaƙar hayaƙin dalma a rumfar rediyo, kuma bai taɓa jin ta yi barazanar da ba ta cika ba.

Ya sami Abdulwahabu a gindin dalbejiya da mutanensa.

"Malam, na taho in saɓa alkawali. Ban saba ba, in ban iya ba ka yi haƙuri."

"Kana son toshe bakin gaskiya ke nan?"

"Wane ni! Bakinka na nan inda Allah Ya aje shi, ka taho da abinka. Lasifikata dai na cikin makoki, surukinta ya rasu."

"Kai ma ka shiga sahunsu, Jatau."

"Ai dama gari duk na ciki. Da wa zan zauna a waje?"

Ranar Alhamis suka zo, suka tsaya ƙetaren hanya, 'yan sanda na zaune a inuwa suna kallo. Abdulwahabu ya buɗe baki. A ranar aka gane rabin ƙarfinsa na janareta ne. Ga babura, ga awaki, ga masu gaisuwa suna "ya haƙuri", muryarsa ko kwalbati ba ta ƙetara sosai. Amma mahauta sun ji abin da ya ishe su, samarinsu suka fara miƙewa.

Sai Inna Tasalla, matar marigayin, ta aiko daga ɗakin takaba. Ta ce tun da take, ba a taɓa sadaka a gidan nan wani ya tsaya a ƙofa ya tafi hannu wofi ba, ba kuwa a kan Shitu za a fara ba. Aka cika faranti da masa da gumba, ta ce surukin gida ya kai. Jatau ya ratsa ta tsakiyar mahauta da faranti, dole suka buɗa masa hanya, suka tsaya kallo.

Ya durƙusa ya ajiye. "Inna ta ce a kawo ma baƙin Shitu."

"Wannan abincin 'yan wuta ne!" in ji Abdulwahabu.

"To, a bari shi huce."

Wani mahauci ya ƙyalƙyale da dariya, sauran suka kama, waɗanda suka miƙe suka koma suka zauna. Zagin gidan da masarsa ke gabanka tana tururi aiki ne mai wuya. Kafin hantsi ya yi zafi muryar Abdulwahabu ta dushe, shi da samarinsa suka watse. Farantin ya dawo da sauƙi. Ban ce wani ya ci ba, akuya ma tana son masa.

Abin bai tafi a banza ba. 'Yan Rabon Wuta suka sayo tasu lasifikar daga Gusau, sunan Jatau ya shiga rabon kowace Juma'a, har da janaretansa. Wasu masu biki kuma suka koma wurin wani, wai "to" ɗin Jatau ta fara tsatsa. Bai musa ba.

Washegarin sadaka Barakatu ta dawo ɗakinta da ƙullin gumba. Har yau Jatau ba ya tambayar abin da za a faɗa. Amma kafin ya ce "to", sai ya yi ɗan tarin nan nasa, ya ce, "A ƙohwar wa za a kafa?"