Kawu Hashimu da Agwagwar Faransa

Kawu Hashimu, yayan mahaifiyata, tafinta ne. Tun yana saurayi yake tsayawa tsakanin alhazan Najeriya da masu shaguna a unguwar Tandabawi ta ƙasa mai tsarki, ya juya Hausa zuwa Larabci, ya ƙara nasa gishirin. In alhaji ya ce kaya sun yi tsada, Kawu zai ce wa mai shago, "Ya ce kana kama da ƙaninsa." A rabu ana dariya.

Da matarsa Mairama ta rasu, sai ya yi shiru. Ko gaisuwa ba ya amsawa, abinci ma sai an matsa masa. 'Ya'yansa suka yanke shawara in bai canza ba, asibiti za a kwantar da shi. Ni da na gama jami'a ban samu aiki ba, aka ce in riƙa wuni da shi a gidansa na unguwar Utaibiyya. Kullum ina tsoron ya mutu a hannuna.

Ran nan da hantsi ina latse-latsen waya, na ci karo da wani ɗan gajeren fim na Faransa, na farkon zamanin sinima, baƙi da fari, babu sauti. Wani kuku mai gashin baki yana bin agwagwa da gudu, uwargida tana ɗaga hannuwa, bakinta na motsi. Na ji numfashi a kafaɗata. Kawu ne ya leƙo.

Ya dubi matar, ya dubi kukun. Leɓensa ya motsa.

"Ta ce," muryar a dishe, "ya shaikh, baƙi sun iso, kai kana tsere da naman miya."

Saura kaɗan wayar ta suɓuce min.

"Shi kuma me ya ce, Kawu?"

"Ya ce wallahi agwagwar nan ba ta da iƙama, takardar zama a ƙasa, shi ya sa take gudu."

Dariya ta ƙwace min, har da hawaye. Fim ya ƙare, ya ce in maido shi farko. Muka yi ta maimaitawa, kowane zagaye da sabuwar fassara. Can agwagwar ma ta samu baki, kuma Sakkwatanci take yi.

Na kira Nawaf, babban ɗansa. Ya ɗauka, na kasa haɗa kalma biyu, sai shessheƙa.

"Raliya, lafiya? Me ya same shi?"

Kawu ya miƙo hannu ya karɓi wayar, ya dube ni kamar yadda ya dubi matar fim ɗin.

"Ta ce a bar maganar asibiti. Ta ce kuma ka taho da shinkafa da kaza, tsohon yunwa yake ji."