Waken Baffa da Gaisuwar Wata Huɗu

Shekarun baya, ina gama digiri a ilimin zamantakewa, na koma ƙauyenmu wajen Zango na tarar da rigima. Baffana yana da aboki Bafulatani wanda shanunsa ke kwana a gonar baffa duk rani su bar taki, tun kafin a haife ni. A shekarar, shanun suka shiga ba a gama roron wake ba, suka yi ɓarna. Baffa ya ce sai gaban alƙali.

Cikin ɗari-ɗari na ce a bar ni in gwada sulhu. A karatunmu, irin wannan rikici takara ce kan ƙasar da ta yi kaɗan, maganinsa kowa ya faɗi damuwarsa a gaban ɗaya. Na zaunar da su gindin tsamiya, har da biro a hannuna.

Baffa ya zazzage nasa. Na juya ga abokin nasa.

"Baba, kai me ke damunka?"

Ya dubi ƙasa. "Ba komai, ɗana."

"Ka ji ko? Ba komai!" Baffa ya kaɗe riga. "Wakena ne ba komai!"

Na koma gida jiki a sanyaye. Mahaifiyata ta ce, "Kai da bokonka! Dattijon Bafulatani ne zai faɗi ciwonsa gaban sa'an ɗan cikinsa?"

Ita ta warware mini. Duk kaka mutumin kan zo da ƙwaryar nono ya tambaya ko an kwashe gona. Bana yayansa ya rasu tsakiyar damina, baffa yana fama da noma bai je gaisuwa ba, wata huɗu ke nan. Sai Bafulatanin ya kasa tako gidan ya tambaya, ya kintaci lokacin sako shanu, ya kuskure.

Ban iya faɗa wa baffa ba, ita ta faɗa masa. Da ya ji, ya ce in tayar da mashin.

A rugar Bafulatanin aka yi addu'a, aka sha fura. Babu wanda ya ambaci wake. Da za mu tafi, mutumin ya ce, "Malam, bana ta ina shanun za su kwana?"

Baffa ya ce, "Ta gabas. Can ne ƙasar ta gaji."

Ba zan ce littattafanmu sun yi ƙarya ba, ƙasar kam ta yi kaɗan. Wataƙila ni ne na karanta da gaggawa. Amma har yau nakan tuna dattijon nan yana duban ƙasa da makokin yayansa a zuci, ni kuma na tsare shi da biro ina jiran amsa.