Tsibirin da Aka Bar Ladi

A gidanmu na unguwar Tandabawi a Makka, wutar suyar gyaɗa ce ke tara mu. Da an idar da Magariba, Iya Hauwa, kakata ta wajen uba, za ta ɗora kasko cike da yashi a kan murhu, ta zuba gyaɗar da za ta sayar wa alhazai washegari. Mu yara mu zagaye ta, ba don kirki ba, sai don ƙonanniyar da take tsamewa ta miƙo mana. Ni take ce wa maigidanta, kullum kuma cikin mita take wai ta auri rago, ba cefane sai ci.

Tatsuniyoyinta na kura da zomo duk mun haddace su. Amma akwai labari ɗaya da ba ta buɗe shi yadda aka saba. Sai dai ta tsaya da juya gyaɗa ta ce, "Ku matso, yau za mu haye ruwa."

Tana ƙarama mahaifinsu ya taso daga Kano ta cikin sahara zai zo Hajji, da ita da ƙanwarta Ladi. Uwarsu ta rasu a hanya. A Bangazi ta Libiya ya sami jirgin ruwan wasu mutanen Girka, masu nutso su ciro soso daga ƙasan teku, suka yarda su rage masa hanya. Zazzaɓi ya kama Ladi, iska kuma ta ɓaci, sai jirgin ya sauke su a ɗan tsibirin masu shi. A can suka kusa shekara.

Nan ne bakin Iya ke yin zaƙi. Gidaje farare fat, mata na shafe su da farar ƙasa har matakala. Idan rana ta take, kowa ya rufe taga ya kwanta, har jakuna. Da la'asar tsofaffin maza su zauna bakin ruwa, kowa da ɗan kofin gahawa guda da zai kai shi faɗuwar rana, suna jan carbin da ba na zikiri ba. Mata na bakin ƙofa suna kaɗi, idonsu na kan teku, don mazansu na can. Ita da Ladi kuwa aikinsu gadin ɓauren da aka shanya a kan soro, suna korar tsuntsu suna cika ciki. Akwai kuma wani kifi mai hannu takwas da sai an yi ta maka shi da dutse kafin ya dafu.

"Kai Iya, gari a tsakiyar ruwa?" in ji mu, mu da garwa guda ke wahalar da mu a layin famfo.

"Wallahi ya waladi, moya ta ko'ina, amma ba ta shayuwa. Su ma ruwan sama suke tarawa suna lallaɓa shi kamar mu."

Da lokacin tafiya ya yi, Ladi ba ta gama murmurewa ba. Wata tsohuwa Kirista da teku ta cinye mata 'ya'ya ta ce a bar mata ita. Mahaifinsu ya yarda, a kan zai biyo ya ɗauke ta bayan Hajji. Ya yi Hajjin, ya kwanta ciwo a Makka, bai tashi ba. A nan labarin ke tsayawa kullum. Idan muka ce sai me ya faru, sai ta ce gyaɗa za ta ƙone.

Na taɓa tambayarta sunan tsibirin. Ta ce, "Maigida, yaro yana tambayar sunan inda yake ne? Baba ne ya sani."

Shekarar da na fara dako a Mina, na ɗauki kayan wani dattijo Baturke da ya ce daga tsibiran Girka yake, yana kuma jin Larabci kaɗan. Ban bar shi ya huta ba sai da na kawo shi gidanmu. Iya ta shimfiɗa masa tabarma, ta shiga kwatanta masa tsibirin. Farar ƙasa, ya gyaɗa kai. Barcin rana, ya yi dariya. Kifi mai hannu takwas, har da tafa hannu. Duk abin da ta ambata sai ya ce na'am, fuskarta na ƙara haske, ni kuma har na fara ganin Ladi a tsakar gidanmu.

Ta ce, "To alhamdulillahi, ya Hajji, ka san shi ke nan. Yaya sunansa?"

Dattijon ya ce, "Ya Hajja, duk haka suke. Tsibiran suna da yawa, ko ni ban san rabinsu ba."

Iya ba ta yi kuka a gabansa ba. Ta ƙulle masa gyaɗa a tsumma, ta ce idan Allah ya sa ya ga wata baƙar tsohuwa a can, ya ba ta, ya ce daga Hauwa. Ya karɓa don kunya. Ban taɓa jin ba ni da amfani kamar ran nan ba.

Da ina yaro na ɗauka darasin labarin shi ne kada ka rabu da naka a hanya. Da na girma na duba, ban ga wanda ya yi laifi ba, daga uban har tsohuwar da ta riƙe yarinya. Abin da ya fi cin raina sai bayan rasuwar Iya ya faɗo mini, ina dawowa daga Jidda, da motarmu ta tsaya a inda ake tantance Musulmi kafin a shiga Makka, don wanda ba Musulmi ba ba ya wucewa. Yarinyar da ta tashi a hannun tsohuwa mai zuwa coci, da wuya ba addinin gidan ta bi ba. Iya ta rayu ba ta san sunan garin ƙanwarta ba. Ladi kuwa ta san namu sarai, duk duniya an san shi. Ko da ta zo neman yayarta, a nan za a ce ta koma.