Kajin Bayan Sito

Shekarun baya, jiharmu ta Zamfara tana sabuwa, ba a daɗe da ƙaddamar da Shari'a ba, na dawo gida Ƙauran Namoda da niyyar zama. Na gaji da yawo. Na yi fataucin goro a Kumasi, na yi aikin tafinta a tashar jirgin ruwa ta Abijan, na shekara biyu a Sudan a hanyata ta zuwa Makka. Da manoman yankinmu suka kafa ƙungiya, tun daga Banga har ƙauyukan Zurmi, sai suka ce ni zan shugabance ta, wai na iya Turanci da Faransanci, babu takardar da za ta gagare ni. Na karɓa har da gyara zaman hula.

A daminar farko aka aiko mana da ingantaccen irin dawa, farfara. An cuɗe shi da maganin ƙwari mai launin ja-ja, an zana ƙoƙon kan mutum a jikin kowane buhu, an rubuta cewa na shuka ne, ba na ci ba. Ni da kaina na karanta wa kwamiti. Sai dai irin bai iso ba sai da kowa ya gama shuka. Aka jibge shi a sitonmu, kusa da tashar jirgin ƙasa, rufin sito kuma yana yoyo.

Sakataren ƙungiya abokina ne tun makarantar allo, na sakar masa komai. Mai kula da siton kuwa wani magidanci ne mutumin Banga, marar surutu, wannan aikin ne abin da yake ciyar da iyalinsa da shi.

Wata rana bayan la'asar mai sito ya zo zaurena. Muka gaisa, ya tambayi ruwa, ya tambayi iyali. Can ya ce, "Alhaji, kaji na mutuwa bayan sito."

Na ce, "Lokacinsu ne, Malam. Ko a Kumasi haka suke yi da damina."

Bayan kwana biyu ya dawo. "Alhaji, yanzu har zabbin maƙwabta. Matan da anka ɗauka aiki kuma, hannuwansu sun yi ja kamar sun ƙunsa lalle."

"Wane aiki?"

"Wanda sakatare ya sa."

"To, in shi ya sa, ai ya san abin da yake yi."

A zuwa na uku bai zauna ba sosai. Ya ce, "Da Alhaji zai taka ya gani da idonsa." Ina da baƙi, sama kuma ta haɗa hadari. Sai na hau ba shi labarin yadda ake yi a Abijan, inda akwai akwati na musamman da ma'aikaci ke jefa ƙorafinsa. Na ce ya rubuto mini a takarda. Mutumin da ko sunansa da ajami yake rubutawa! Ya dube ni, ya ce, "To, Alhaji," ya sa takalminsa.

A makon nan ne aka sauke buhun dawa a ƙofar gidana, aka ce kason shugaba ne daga sakatare. Ban tambayi daga wace gona ba. Shugaba ba ya tambaya, godiya yake yi.

Ranar kasuwar Shinkafi da hantsi, wani ɗan kwamiti ya zo a kan mashin ya ce in yi sauri. Na tarar da mota cike da buhuna a bakin sito, jama'a sun kewaye ta. Mai sito yana zaune a ƙasa daidai gaban tayar motar. A gefensa ga malamin gona na ƙaramar hukuma, ga limamin unguwa, mai siton ne ya je ya kira su. A nan na ji abin da ake ciki. Abokina ya ga irin zai ruɓe a banza, rumbunan mutane kuma sun yi ƙasa, sai ya sa mata suka wanke shi, aka shanya, aka sauya buhuna, za a kai kasuwa a sayar a matsayin abinci. Ruwan wankin ne ake zubarwa a bayan sito.

Abokina yana ta faɗa. "Sau ukku anka wanke ta! Mi ya rage? Munafuki kawai, ka ci abincinmu ka tona muna asiri!"

Malamin gona ya ce wanki ba ya fitar da maganin nan, ya riga ya shiga ƙwaya. Wasu daga cikin jama'a suka fara cewa a kai sakatare gaban alƙali. A kwanakin nan kuwa maganar alƙali ba ta wasa ba ce. Mai sito ya ɗago kai ya ce, "A'a. Ni hatsi na zo tsayarwa, ba mutum ba."

Ya kamata maganar nan ta sanyaya ni, amma kunya ta rufe mini ido. Na matsa kusa da shi na ce, "Malam, ka tsallake ni."

Ya ce, "Alhaji, sau ukku ina zuwa zaurenka."

Da azahar kwamiti ya zauna. Kowa ya yarda sakatare ya yi kuskure, amma kowa ya fi jin zafin wanda ya fitar da maganar waje. Aka ce a sallami mai sito. Na ce ni zan rubuta takardar.

Na koma gida na tarar labari ya riga ni. Mahaifiyata, wadda a lokacin sai da sanda, tana zaune kusa da buhun nan na kason shugaba. Matata ta ɗebi tiya biyu tun safe za ta surfa, a yi wa jikoki kunu. Inna ta hana. Ta sa aka kawo farin kwano da ruwa, ta watsa dawar ciki, ta cuɗa da yatsunta. Muna kallo ruwan ya fara sauya launi, kaɗan-kaɗan, kamar an ɗiga zoɓo.

Ta ce, "Kai mai harsuna, karanta mini wanga."

Na tsuguna ina duba kwanon, ta ci gaba.

"An ce kai za ka rubuta takardar korarsa. Da wane harshe za ka rubuta, da na Faransa? Bawan Allah ya zo gidanka sau ukku, ya yi maka magana irin ta masu kunya don kada ya zubar maka da girma, ba ka ji ba. Hausar gidanku ce ta gagare ka."

Washegari na hau mashin zuwa Banga. Na sami mai sito a gona yana maimai. Da ya gan ni sai ya miƙo hannu biyu don karɓar takarda. Na ce ban zo da takarda ba, roƙon gafara na zo. Ya rasa inda zai sa idonsa, sai ya ce in zo mu sha fura. Na koma na faɗa wa kwamiti in za a kore shi, a haɗa da ni. Ba a kore shi ba. An haƙa rami mai zurfi nesa da rijiyoyi aka binne dawar, har da buhuna. Abokina ya ajiye aiki da kansa. Ya yi shekara ba ya amsa gaisuwata, daga baya muka shirya, kuma shi ne ya fara kai wa mai sito ziyara.

Turawa suna kiran irin abin da mutumin nan ya yi busa usur. Larabawan da na zauna da su nasiha suke cewa. Mu kuwa bakinmu ya fi saurin cewa tonon asiri, kuma da zargi muke faɗa. Na daɗe ina tunanin wannan. Rufin asiri abu ne mai kyau, na ga ƙasashen da ba su da shi, ban yi sha'awarsu ba. Amma asirin da zai shiga tukunyar wani ba na rufewa ba ne. Mai sito ya bi ta ƙofa sau uku kafin ya fita waje, da ya fita kuma bai nemi a wulaƙanta kowa ba. Bai san akwai buhu a gidana ba. Mutanen Shinkafi da bai taɓa gani ba ya tsare, jikokina suka tsira a ciki.

Yanzu dukanmu mun tsufa. In mun haɗu a Kasuwar Daji nakan ce, "Malam, ya kaji?" Sai ya yi dariya ya ce, "Lafiya lau, Alhaji, sai dai ka taka ka gani." Ɗaya daga cikin jikokin da za a dama wa kunun nan yau 'ya'yanta uku. Ni kuwa har gobe, in wani na ƙasa da ni ya shigo zaurena ya gaishe ni, sannan ya fara maganar kaji, ba na bari ya zo na biyu. Takalmina nake nema.